Idan Jariri Ya Fara Haki Bayan Mura

A ɗakin yara inda nake aikin jinya, uwa takan zo ta ce mura ce ta sauko wa yaro ƙirji. Sau da yawa gaskiyarta ne. Ƙwayar cutar da ta fara da hanci, wadda galibi wata ƙwayar bairus ce da ake kira RSV, ita ke gangarawa ta kumbura ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu, majina ta cika su. Likitoci na kiransa bironkiyolaitis. Ciwon 'yan ƙasa da shekara 2 ne, ya fi kama masu wata 3 zuwa 6, don hanyoyin iskarsu sirara ne ƙwarai.

Yana da tafiyarsa. Kwana 1 zuwa 3 na farko yoyon hanci ne da ɗan tari, wataƙila da ɗumin jiki. Tsakanin kwana na 3 da na 5 yake tsananta, numfashi ya yi sauri, ƙirji ya riƙa ƙara kamar fito. Daga nan sai ya fara sauƙi, amma tarin kan kai sati 3.

Kada ƙarar ƙirjin ta ɗauke miki hankali. Na ga yaro mai gurnani yana wasa da ƙafarsa, na ga mai shiru da ya galabaita. Abin dubawa shi ne numfashi da shan nono. Ki bari ya natsu ko ya yi barci, ki ɗage rigarsa, ki ɗauki agogon waya ki ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cur. Kada ki ƙirga rabi ki ninka, jarirai kan yi sauri su ɗan tsaya su ci gaba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga wanda bai cika wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Sannan ki kalli ƙasan haƙarƙarinsa. Idan yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ƙofofin hancinsa suna buɗewa da rufewa, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko kansa na gyaɗawa tare da shi, ki goya shi sai asibiti, ko da tsakar dare ne. Haka idan leɓe da harshe suka yi duhu, ko numfashin ya ɗauke na ɗan lokaci, ko kika kasa tashinsa. Idan nonon da yake sha bai kai rabin na kullum ba, ko ya yi awa 12 bai jiƙa ƙunzugu ba, shi ma tafiya ce. Bakwaini, da mai ciwon zuciya, da wanda bai kai wata 3 ba kuma jikinsa ya yi zafi, waɗannan ba a jira da su.

Wanda ke shan nono yana fitsari, kuma ba shi da waɗancan alamun, gida ne wurinsa, kuma yawancinsu haka suke. Babban aikinki hanci ne. Jariri da hanci ya fi numfashi, idan ya toshe sai ya kama nono ya saki yana kuka, a ce ya ƙi nono. Ki sayi ruwan gishirin ɗigawa a hanci a kemis, ki sa ɗigo ɗaya ko biyu a kowace ƙofa kafin shayarwa, ki ɗan jira majinar ta yi laushi ki goge ta. Ki shayar da shi kaɗan-kaɗan akai-akai, kansa a ɗage a hannunki. Wanda bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi, ba ruwa ba jiƙo. Barci kuwa a rigingine. Farasitamol sai idan zazzaɓi ya dame shi, daidai da nauyinsa.

Hayaƙi kuma. Na san ɗakin maijego ba ya rabo da turaren wuta da kaskon gawayi, balle lokacin hunturu da ake rufe ƙofa da taga. Ki fitar da su har ya warke, tare da maganin sauro na kunnawa. Kada ki goya shi ki tsaya bakin murhu. Mai gida in yana shan taba, ya sha a waje. Inna ko uwar miji za su iya cewa a kira wanzami ya cire beli, ko a shafa man zafi a hanci, ko a ba shi zuma. Ki ba su haƙuri cikin ladabi. Beli ba shi da hannu a ciwon nan, man zafi na ƙara fusata hanci, zuma kuwa ba a ba wanda bai shekara ba.

Abin da ke ɓata wa iyaye rai shi ne a sallame su babu kwalbar magani. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa RSV, ruwan maganin tari ba na jarirai ba ne, kuma abin shaƙa na masu asma bai cika amfanar su ba. Sai dai ciwon yana kama da limoniya sosai, shi ya sa ma'aikacin lafiya kan ba da amoksisilin, wani maganin kashe bakteriya, idan numfashi ya wuce ma'auni. Idan ya rubuta, ki ba shi har ya ƙare. In da zazzaɓi, ki nemi a gwada maleriya.

A asibiti mukan maƙala ɗan na'ura a yatsan ƙafa mu ga yawan iskar oksijin a jini. Idan ta yi ƙasa da kashi 90, sai mu sa masa robar oksijin a hanci. Wanda ya kasa tsotso, mukan zura siririyar roba ta hanci zuwa ciki, uwa ta tatso nononta a kofi mu ba shi ta nan. Ba a cika buƙatar hoton ƙirji ba. Ki taho da kofi mai murfi da katinsa na rigakafi.