Yadda ake zaɓen mashin ɗaukar naɗaɗɗen damin ciyawa a gaban tarakta

Tun da kamfanin Vermeer na jihar Iowa a Amurka ya fito da injin naɗe ciyawa manyan damuna a farkon shekarun 1970, damin abincin dabbobi ya fi ƙarfin kai da kafaɗa. Yanzu a manyan gonakin kiwo, wani dogon ƙarfe mai tsini ake ɗaurawa a hannun lodin tarakta, a soki damin a cibiyarsa, a ɗaga. Kafin ka biya kuɗin wannan mashi, bi waɗannan matakai.

Da farko ka san nauyin daminka. Busasshen dami mai faɗin ƙafa 4 da tsayin ƙafa 4 yakan kai kilo 250 zuwa 300, mai ƙafa 5 da 6 kuwa yakan wuce kilo 550. Ciyawar da aka naɗe da ɗanyenta ta fi haka nauyi nesa ba kusa ba. Idan da hali, ka ɗora guda a sikeli, kada ka yi kintace da ido.

Na biyu, kuma nan ne na fi so ka tsaya, duba ƙarfin hannun lodin. Adadin kilo da kamfani ke rubutawa galibi an auna shi ne a daidai ƙusar da bokitin gaban lodin ke juyawa a kanta. Shi kuwa dami, tsakiyar nauyinsa tana can gaba da ƙafa 2 ko fiye, ga kuma nauyin firam ɗin mashin. Duk taƙin da kaya ya yi gaba, ƙarfin ɗagawa raguwa yake. Saboda haka nemi adadin da aka auna a milimita 500 ko 800 gaba da ƙusar, yana cikin littafin tarakta. Idan ya zo kunnen doki da nauyin daminka, wannan tarakta ta yi ƙarama. Gara ka sayi mashin da ake ɗaurawa a baya, a kan maɗaurin nan mai ƙafa uku da ake jan garma da shi, don can ta fi ƙarfi.

Sai maɗaurin da ke haɗa firam ɗin mashin da hannun lodi. Akwai samfurin Euro, wanda ya fi yawa a taraktocin Turai, akwai na skid steer, wato irin na ƙananan motocin lodi, da ya mamaye Amurka, John Deere ma tana da nata mai ƙugiya da fil. Ba sa shiga juna. Ɗauki hoton gaban hannun lodinka, ka auna tazarar ƙugiyoyin kafin ka je wajen dillali. Mashin da ake maƙalawa a leɓen bokiti ya fi araha, amma ba na ba kowa shawararsa: yana ƙara tura kaya gaba, yana lanƙwasa bokitin, kuma direba ba ya ganin tsinin.

Tsawon mashi ya bi faɗin dami. Na inci 39 ko 43 ya wadatar da dami mai ƙafa 4, na inci 49 na mai ƙafa 5 ne. Ya yi gajere, dami ya zube; ya yi tsawo, ya huda ya soki na bayansa lokacin jeri. Zaɓi ƙirarren ƙarfe wanda ake zurawa cikin kube a ɗaure da noti, irin girman kuben da ake kira Conus 2 idan damin manya ne, don in ya karye sai ka sauya shi kaɗai. Wanda aka liƙe da walda, zafin wuta ya riga ya raunana gindinsa. Ka tabbatar akwai gajerun tsinke biyu a ƙasa masu hana dami juyawa.

Kada ka sayi firam marar dogon baya. Idan aka ɗaga hannu sama, dami na iya gangarowa ta kan hannun ya danne direba, kuma an sha rasa rayuka ta haka. Ɗora nauyi a bayan tarakta, ko wani damin ne, ka yi tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, musamman a gangara.

In damin naka naɗe yake da leda don ya tsimu, mashi ba nasa ba ne. Huda ɗaya ta isa iska ta shiga ya yi fumfuna. Wannan sai na'ura mai hannu biyu da ke rungumarsa ta gefe.