Abin da za ka yi idan an kama ɗan jarida a Najeriya

Da zarar ka ji an kama ɗan jarida saboda aikinsa, fara rubuta rana, wuri da hukumar da ta tafi da shi, domin tsarewar da babu shaidarta ba ta da wuyar musantawa. Sai ka sanar da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ, a nemo lauya, tunda sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta gurfanar da shi cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40. Kada ka ce ba ruwanka, domin an taɓa gani: a 1984 gwamnatin soja ta ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, ƙarƙashin Doka ta 4, dokar soja da ta takura wa aikin jarida. Ranar shari'a kuma ka halarci kotu, ko da ba ka san shi ba.