Yadda Za Ka Yi Wa Baba Magana a Ɗakin Kulawa ta Musamman

Bututun numfashi da aka zura wa Baba ta maƙogwaro ne ya hana shi magana, amma sau da yawa yana jin ka.

Da farko, nemi izinin nas, ka wanke hannu.

Sai ka matsa kusa da kunnensa, ka yi sallama: "Baba, autanka ne. Yau Laraba, kana asibiti a Dutse." Maimaita masa kullum. Tsofaffi kan rikice a ɗakin nan, don fitila ba ta mutuwa, dare da rana duk ɗaya.

Riƙe hannunsa, tambaya ɗaya tak: "In akwai ciwo, matse hannuna." Jira shi, kada ka yi gaggawa. Abin da ya nuna, faɗa wa nas.

Ba shi labarin gida, an yanke gero, akuyarsa ta haihu. Zancen kuɗin magani kuwa, don Allah a yi shi a waje.