Kurakuran da muke ta yi wajen kwafe takardun kakanni

Tun da muka buɗe guruf na WhatsApp don juya takardun gidanmu na cikin birnin Zariya daga ajami zuwa boko, wasu na Kaduna wasu na Legas, ɗaya ma tana Ingila, kura-kuran nan dai su ne kullum suke dawowa, to bari in faɗe su kowa ya huta.

Babba a ciki shi ne gyara wa mai rubutu. Ka ga an rubuta Mamman sai ka mai da shi Muhammad wai ya fi daidai, ba ka san cewa a gida ɗaya akwai Mamman akwai Muhammadu kuma wa da ƙane ne ba, ka haɗe mutum biyu kenan, zuriya guda ta ɓace a salsalar. Abin da ke kan takarda shi za ka kwafa ko da kana ganin kuskure ne, ra'ayinka ka sa shi a ƙasa daban. Inda gara ta ci ko tawada ta zuba ka sa ɗigo-ɗigo ka wuce, don Allah ban da cikewa da ka.

Sai maganar haruffan fa da ƙaf, wannan ta fi kama 'yan Islamiyya irina. A rubutun allo ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, wanda ya saba da Alƙur'ani bugun Madina sai ya karanta ƙaf a matsayin fa. Ni da kaina na tura shafi guda ɗauke da wani kaka wai shi Fasimu, sai da Baffa ya turo murya yana dariya, "ɗana, Ƙasimu ne fa, wa ya taɓa raɗa wa ɗansa Fasimu?"

Shekaru ma haka. Kar ka ɗauki shekarar Hijira ka ƙara mata 622, shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11. Takarda mai 1350 ta faɗo tsakanin 1931 da 1932, masu ƙari sukan kai ta 1972, sai ka ga an haifi kaka bayan jikansa. In tsohuwa ta ce "zamanin Sarki Ja'afaru" rubuta hakan, a gefe ka sa shekarun sarautarsa a Zazzau, 1937 zuwa 1959, kar ka zaɓa mata shekara ɗaya.

Hoto kuwa a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba WhatsApp na matse shi wasula su dushe, kuma a sa wa kowane shafi lamba kafin a raba, don an taɓa samun mutum uku sun kwana kan shafi ɗaya na kusa da shi ba wanda ya taɓa. In ka gama naka ka miƙa wa wani ya karanta yana duban hoton, in da hali wanda ya yi makarantar allo.