Yadda Ake Tsara Shirin Koya wa Matasa Shugabanci da Riƙon Amana

Galibin shirye-shiryen horar da matasa a wuri ɗaya suke tuntuɓe. A tara yara ɗari a ɗakin taro, a gayyato mai lacca ya shafe awa biyu yana bayani kan gaskiya da ladabi, a raba takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Bayan mako guda ba abin da ya rage. Ɗan shekara 13 zuwa 18 ba ya koyon riƙon amana sai an damƙa masa amanar, ta gaske, wadda in ya yi sakaci da ita wani abu zai lalace, kuma kowa ya gani.

Abu na farko, a raba su rukuni-rukuni, mutum shida zuwa takwas. Wannan tsohon tsari ne. A 1907, lokacin da Robert Baden-Powell ya kai yara kimanin 20 sansani a tsibirin Brownsea na Ingila, inda harkar sikawut ta samo asali, rukuni huɗu ya raba su, kowanne da jagora daga cikin yaran. In rukuni ya haura goma, mutum uku ne za su riƙa magana, sauran su laɓe. In bai kai biyar ba, rashin zuwan mutum ɗaya ya isa ya kashe zama. A gauraya shekaru, domin ɗan 17 ya fi saurin natsuwa in ya san ɗan 13 na kallonsa.

Kowa ya samu aiki mai suna: jagora, mataimaki, ma'aji, magatakarda, mai kula da kaya, mai kula da lokaci. Su za su zaɓi jagoransu, ba manya ba. A zaɓen farko, kusan ko yaushe wanda ya fi baki ne ke ci. Ku ƙyale su. Wa'adin wata uku ne, kuma kafin ya cika za su gane da kansu cewa iya surutu daban, iya cika alkawari daban. Juya muƙamai ne ke fito da yarinyar nan mai shiru-shiru da ba wanda ya zata za ta iya.

Zaman mako kada ya wuce minti 90: goma na buɗewa, hamsin na aiki da hannu, ashirin na bita, goma na rabon ayyukan mako mai zuwa, magatakarda na rubuta wa ya ɗauki me, zuwa yaushe. In lokaci ya ƙure, bitar ce ake fara yankewa, alhali a nan ne horon yake. Tambaya uku ta wadatar: me muka shirya yi, me ya faru, me za mu canza? Jagora ne zai yi tambayoyin. Babba ya zauna a baya, ya zama na ƙarshe da zai yi magana.

Sai aikin taimakon al'umma na mako shida zuwa takwas, wanda su suka zaɓa: koya wa ƙananan yara karatu, dashen itatuwa da shayar da su, gyaran filin wasa. Abu uku kawai manya za su gindaya: iyakar kuɗin da za a kashe, ranar kammalawa, da ƙa'idojin tsaro. Kuɗin, komai ƙanƙantarsa, a hannun ma'aji zai zauna, da littafin shiga da fita da rasit, ya karanta wa rukuni duk mako. Da wuya a sami abin da ke koyar da gaskiya irin wannan littafi.

A nan ne manya ke ɓata lamari. Roger Hart, a rubutunsa na 1992 da UNICEF ta wallafa, ya kasa shigar yara cikin ayyuka hawa takwas, ya ce uku na ƙasa ba shiga ba ce ko kaɗan: a juya su yadda ake so, a yi ado da su, ko a ba su kujerar jeka-na-yi-ka. Alamar ba ta ɓuya. In babba ne ya rubuta jawabin da jagora zai karanta, ko ya bi dare ya gyara abin da suka manta don kada a ji kunya gaban baƙi, to shirin nasa ne, ba nasu ba. Ku sa baki ne kawai in akwai haɗari ga lafiya, ko saɓa doka, ko cin zarafin wani. In sun manta da aron kujeru, a yi taron a tsaye, a tattauna shi wajen bita.

Kada a yi gaggawa. Lambar yabo ta Duke na Edinburgh, wadda aka kafa a Birtaniya a 1956, kuma 'yan shekara 14 zuwa 24 ke shiga, ba ta ba da matakin tagulla, wato matakinta na farko, sai an yi aƙalla wata shida ana aikin sa-kai, koyon wata fasaha da motsa jiki, sannan a yi tafiyar yini biyu da kwana ɗaya a waje. Shirin hutu na mako guda yana iya jawo sha'awa, amma ba ya gyara hali.

Haka batun masu ba da shawara, wato manyan da ake haɗawa da matashi su riƙa yi masa jagora. Binciken Jean Grossman da Jean Rhodes na 2002 ya nuna matasan da mai ba su shawara ya rabu da su kafin wata uku sun koma baya wajen ganin ƙimar kansu, waɗanda kuwa aka kai shekara ko fiye da su ne suka fi amfana. Don haka wanda ba zai iya alkawarin shekara guda ba, a ba shi wani aikin.

Tsaro ba a sassauta shi. Manya biyu a kowane zama. Babba ba ya keɓewa da matashi inda ba a ganinsu, ba ya kuma tura masa saƙon waya shi kaɗai. A binciki tarihin duk ɗan sa-kai kafin a karɓe shi, a karɓi izinin iyaye a rubuce kafin kowace fita, tare da bayanin rashin lafiya ko maganin da yaro ke sha. A ƙara sa ido in ana tafiya, domin matashi ya fi yin kasada idan sa'anninsa na kallo.

In jagora ya gaza, kada a tuɓe shi a bainar jama'a. Manya biyu su zauna da shi, a nuna masa a littafin magatakarda alkawuran da ya ɗauka da waɗanda bai cika ba, a ba shi ayyuka biyu takamaimai da wa'adin mako biyu. In ya sake gazawa, mataimaki ya hau, shi kuma ya karɓi ƙaramin muƙami, da damar sake tsayawa a zaɓe mai zuwa.