Yadda za ka shiga fagen binciken lafiyar haihuwa a Afirka ta Yamma har ka samu aiki a cikinsa

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka rasu sanadin ciki ko haihuwa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 nasu a Afirka kudu da Sahara suke. Najeriya ita kaɗai ta ɗauki sama da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi. Shi ya sa kuɗin bincike da guraben aiki a wannan fanni ba su rabuwa da yankinmu. Abin takaici shi ne, sau da yawa ɗan gida shi ke yawon tattara bayanai a rana, wani daga nesa ya rubuta rahoto ya sa sunansa a sama. Wannan bayani na ungozoma ne da ma'aikacin jinya da ɗalibin likita da wanda ya karanci zamantakewa ko ƙididdiga, duk wanda yake son ya tashi daga mai cike fom ya koma mai tsara bincike. A ganina hanyar guda ce: ka kammala ƙaramin aiki ɗaya da za ka iya nunawa, kafin ka fara buga ƙofofi.

Mataki na farko: ka matse tambayarka

Fannin yana da faɗi. Akwai awon ciki da haihuwa, tazarar haihuwa, yoyon fitsari, rashin haihuwa, ɓari da kulawar bayansa, sankarar bakin mahaifa, cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, lafiyar 'yan mata masu tasowa, da cin zarafin mata. Tun taron Alƙahira na 1994, inda ƙasashe 179 suka amince da shiri guda, ake kallon waɗannan a matsayin abu ɗaya mai rassa. Kai dai ba za ka iya ɗaukar su duka ba. Mafi yawan masu farawa sukan zo da take irin "matsalolin mata masu juna biyu a Arewa", wanda ko shekara goma aka ba mutum ba zai gama ba.

Dubi binciken da ake kira E-MOTIVE, wanda aka wallafa a 2023. Tambayarsa ba ta da tsawo. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego, magungunansa kuma sanannu ne, to me ya sa har yanzu ake mutuwa? Masu binciken sun lura cewa ana ƙiyasta jinin da ido, ido kuwa yana raina shi, sai a farga a makare. Suka sa shimfiɗar leda mai aljihu da aka zana wa ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa. Da zarar ma'aunin ya nuna jini ya yi yawa, sai a haɗa matakan a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya: murza mahaifa, allurar tsuke ta, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. An gwada a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000, kuma mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Abin da ya haifi wannan babban aiki, kowace ungozoma ta gan shi a ɗakin haihuwa.

Saboda haka ka zauna ka rubuta abu uku da ke damunka a wurin aikinka ko a karatunka. Kowanne ka tambaye shi: su waye, a ina, a wane lokaci, me zan auna? "Mata nawa ne cikin waɗanda suka fara awon ciki a asibitin nan bara suka dawo suka haihu a nan, kuma me ya bambanta su da waɗanda ba su dawo ba?" Wannan tambaya ce da za a iya amsawa cikin 'yan watanni.

Mataki na biyu: ka fara da bayanan da aka riga aka tara

A nan ne mutane da yawa ke asarar lokaci da kuɗi. Suna zaton bincike sai an buga takardun tambayoyi an shiga ƙauye. Alhali akwai tarin bayanai a ajiye, kyauta, ba a ci rabinsu ba.

Babba a cikinsu shi ne binciken DHS, wanda aka fara a 1984, ana zagayawa gida-gida ana tambayar mata 'yan shekara 15 zuwa 49 kan aure da haihuwa da tazara da awon ciki. Daga nan aka san cewa a Najeriya a 2018 matsakaicin haihuwar mace ya kai 5.3, kuma kashi 12 cikin 100 na matan aure ne ke amfani da hanyoyin tazara na zamani, yayin da na Nijar na 2012 ya ba da matsakaicin haihuwa 7.6. Tunda tambayoyin kusan iri ɗaya ne a kowace ƙasa, kana iya kwatanta Katsina da Maraɗi, ko Sakkwato da Tawa, ba tare da ka tsallaka iyaka ba. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin da take ba shirin, don haka idan ka samu izinin sauke bayanan kada ka yi jinkiri. Ana kuma samun su ta IPUMS na Jami'ar Minnesota. Ban da shi akwai binciken gida-gida na UNICEF, wato MICS, da binciken PMA wanda ya tara bayanan tazarar haihuwa a Kano da Legas da Nijar da Burkina Faso, sai rumbun DHIS2 da ma'aikatun lafiya ke zuba rahoton asibitoci a ciki duk wata.

Yadda ake yi: ka yi rajista, ka rubuta taƙaitaccen bayanin abin da za ka bincika, ka jira amincewa, ka sauke fayil ɗin mata. Sannan ka koyi manhaja ɗaya ta ƙididdiga. Stata ta fi yawa a ofisoshi amma ta kuɗi ce, R kuwa kyauta ce, kuma wanda ya jure wahalarta ta makonnin farko ba ya nadama. Wani kuskure da ke fallasa sabon shiga nan take shi ne mantawa da nauyin samfuri. Ba a zaɓi gidajen daidai wa daida ba, wasu jihohi an ɗebi fiye da rabonsu, shi ya sa kowace mace a fayil ɗin ke da lambar nauyi, v005, wadda ake rabawa da miliyan ɗaya kafin a yi lissafi. Gwajin da zai nuna maka ka kama hanya mai sauƙi ne: ka ɗauki jadawali ɗaya daga rahoton da aka buga, ka sake fitar da shi da kanka. In alƙalumanka sun yi daidai da nasu, ka iya.

Wanda lissafi ba ya masa daɗi, akwai bincike ta hira da tattaunawar rukuni, kuma ana neman gwanayensa ruwa a jallo. Alƙaluma za su gaya maka mata nawa ne suka haihu a gida, amma sai hira za ta nuna maka wa ke yanke shawarar tafiya asibiti in naƙuda ta yi tsawo.

Mataki na uku: izini da amana

Kafin ka yi wa kowa tambaya, ko ka buɗe rajistar asibiti, sai ka samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. A Najeriya akwai kwamitin ƙasa, NHREC, da kwamitocin asibitocin koyarwa da na ma'aikatun lafiya na jihohi, sauran ƙasashen ma kowace da nata. Izinin ƙasa ɗaya ba ya aiki a wata. Ba a kuma bayar da shi bayan an gama aiki, mujallar kirki kuma ba za ta karɓi rubutunka ba in babu shi. Kwas ɗin TRREE na intanet kyauta ne, da Turanci da Faransanci, ana ba da shaida a ƙarshe.

A wannan fanni takarda ba ta wadatar. Matar da ta gaya maka tana shan maganin tazara ba da sanin mijinta ba, ko ta taɓa yin ɓari ta ɓoye, aurenta ta damƙa maka. A yi hirar inda ba mai ji, mace ta tambayi mace, kada suna ya hau takarda, a kulle wayar da aka naɗi murya. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba tana da ƙa'ida ta daban, ko da tana da aure, kuma kwamitin ne zai faɗa maka yadda za a yi. Ka kuma gaida masu gari da malamai kafin ka fara, ka koma ka gaya musu abin da ka samu bayan ka gama. Masu bincike da yawa wannan komawar ce ke gagararsu, shi ya sa wanda ya zo bayansu ke tarar da ƙofa a rufe.

Mataki na huɗu: harshen maƙwabci

Rabin damar yankin nan da Faransanci take magana. Haɗin gwiwar Wagadugu, wanda aka kafa a 2011 don tazarar haihuwa, ƙasashe tara ne masu Faransanci. Shirin SWEDD na Bankin Duniya, na ƙarfafa mata da 'yan mata, da aka fara a 2015 ya soma ne da ƙasashen Sahel irin su Nijar da Mali da Chadi. Ofishin UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da lafiyar haihuwa, na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a Dakar yake. Ɗan Najeriya ko Gana da ya iya karanta rahoto da Faransanci ya wuce sa'o'insa, haka ɗan Nijar da ya iya rubutu da Turanci. Hausar da kake ji kuwa ka rubuta ta a takardar neman aikinka, domin mai iya hira da mata a Damagaram da Daura ba tare da tafinta ba, ba a ko'ina ake samunsa ba.

Mataki na biyar: ka nemi inuwar da za ka zauna

Ba a koyon bincike a kaɗaice. A Kano akwai cibiyar ACEPHAP ta Jami'ar Bayero, a birnin Benin na jihar Edo akwai CERHI, a Dakar akwai CEA-SAMEF, dukkansu cibiyoyin da aka kafa da tallafin Bankin Duniya da sharaɗin su karɓi ɗalibai daga sauran ƙasashen yankin. Mai son ilimin ƙidayar al'umma ya dubi RIPS a Jami'ar Gana, ko ISSP a Wagadugu, ko IFORD a Yawunde. Shirin HRP na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke aiki tun 1972, yana horar da masu bincike ta hannun Jami'ar Gana da cibiyar IRSS ta Burkina Faso da APHRC ta Nairobi. Ita APHRC ɗin ce, tare da Jami'ar Witwatersrand, ke jagorantar CARTA mai tallafa wa digirin digirgir, sai dai na ma'aikatan jami'o'in da ke cikin ƙungiyar ne, irin su Ibadan da Ife. Ka karanta sharaɗi kafin ka ɓata dare kana cike fom.

In za ka rubuta wa malami, kada ka ce "ina neman taimako ta kowace hanya". Ka ce ka karanta aikinsa kaza, ga jadawalin da ka fitar daga DHS, ga abin da ya ɗaure maka kai, ko zai duba. Imel mai layi shida da abu a maƙale ya fi samun amsa. Ke kuma da ke haɗa aiki da reno, ki tambayi tsarin kowane gurbi tun farko, domin wasu shirye-shiryen, ciki har da CARTA, suna da tanadi ga masu shayarwa, amma ba kowa ke sanar da hakan a talla ba.

Mataki na shida: ka fitar da aikin

Ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike da ke haɗa rubuce-rubucensa, kyauta ce. Ka aika taƙaitaccen aikinka taron likitocin mata na SOGON, ko babban taron tsarin iyali na duniya, ICFP, wanda aka fara a Kampala a 2009, aka yi a Dakar a 2011. Sannan mujalla. African Journal of Reproductive Health, wadda Farfesa Friday Okonofua ya kafa a birnin Benin a 1997, ta wannan fanni ce kai tsaye. Manyan mujallu da dama suna yafe kuɗin wallafa ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, in an roƙa lokacin miƙa rubutu. Ka guji masu turo saƙo suna alkawarin buga maka cikin mako guda in ka biya. Masu tantance ma'aikata sun san su, kuma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Maganar sunayen marubuta da jerinsu, a gama ta a rubuce tun kafin a fara aiki.

Mataki na bakwai: neman aikin kansa

Guraben suna wurare huɗu: jami'o'i da cibiyoyin bincike, ma'aikatun lafiya, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyoyi irin su Pathfinder da Jhpiego da MSI da Population Council da rassan ƙungiyar tsarin iyali ta duniya IPPF, wato PPFN a Najeriya da ANBEF a Nijar. Ana tallata da yawansu a shafin intanet na ReliefWeb da shafukan hukumomin. Ƙofar da ta fi buɗuwa ga sabon shiga ita ce sashen sa ido da auna sakamako, da kula da bayanai, da jagorancin masu tattara bayanai da manhajar KoboToolbox ko ODK. Aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, ma hanya ce ta shiga.

A takardarka, jerin tarurrukan da ka halarta ba ya burge kowa. Ka rubuta abin da ka yi: bayanan da ka tantance, yawan masu hirar da ka horar, rahoton da ka rubuta da inda za a same shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata, duk wanda ya nemi na fom ko na horo da sunanta ɗan damfara ne.

Tun bayan rufe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, a 2025 ayyuka da dama sun tsaya cak, gogaggun ma'aikata sun dawo kasuwa suna neman guraben da a da na masu farawa ne. Don haka in an kira ka ganawa, ka tambayi wanda ke ba aikin kuɗi da watan da tallafin zai ƙare. In kana da kujera a asibitin gwamnati ko jami'a, ka nemi hutun aro ko na karatu maimakon ka ajiye aiki saboda kwangilar shekara ɗaya.