Kurakuran da malamanmu ke yi a taron ƙawancen makarantu da ƙasashen waje

Na gaji da ganin abu ɗaya yana ta maimaituwa a makarantunmu na Zariya. A sha wahala a samo makarantar ƙawance a Ingila ko Jamus, malamai su zauna taron farko, kafin zango biyu magana ta bi ruwa.

Babban abin da ke kashe ta shi ne roƙo. Baƙi sun zo a tsara yadda ɗalibansu da namu za su yi aiki tare, mu kuma mun shigo da doguwar takarda: kwamfuta, janareta, rufin aji. Ina zaune a wani taro abokin aikinmu ya miƙe, ko gaisuwa ba a gama ba, ya hau lissafa abin da makaranta ta rasa. Malamar da ta zo ta rufe littafinta, ta ajiye biro. Malamar aji ce kamarmu, ba ta da asusun da za ta taɓa. Irin wannan tafiya tallafi ne ke biyan ta, kamar wanda British Council, hukumar Birtaniya mai harkar ilimi da al'adu, ta riƙa bayarwa a shirinta na haɗa makarantu, Connecting Classrooms, kuma an ƙayyade abin da za a kashe shi a kai. Duk musayar wasiƙun da muka yi kafin ranar ta tafi a banza. Haba malam! Garin da ke da ganuwa, da Kwalejin Barewa, da jami'ar da aka buɗe tun 1962, a ce ba mu da abin nunawa sai ƙoƙon bara? Ni da darasi guda nake shiga, a shirye: yaranmu su yanke gorar roba su auna ruwan damina, nasu su auna nasu, a kwatanta a ajin lissafi.

Na biyu, malami ɗaya ya rungume komai. Lambobi a wayarsa, wasiƙu a imel ɗinsa. Ranar da ma'aikatar ilimi ta canja masa wurin aiki, shi ke nan. Ku buɗe imel na makaranta, malamai biyu su riƙe shi, shugaban makaranta ya sa hannu a yarjejeniyar. Ni ba na barin a tashi taro sai an rubuta wa zai yi me, kuma yaushe.

Ku baje kalanda tun zaman farko. Mayu da Yuni WAEC ta cinye mu, ga azumi da hutun Sallah, su kuma Agusta suna dogon hutu. Agogon Ingila yana daidai da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, bayan nan muna gabansu da awa ɗaya. Masu taron intanet su kiyaye. Kada a sa zama lokacin Juma'a don jin nauyin baƙo, faɗa masa kawai. Hoton yara ba ya hawa Facebook sai da yardar iyaye. Wanda za a tura kuwa, ya duba wa'adin fasfonsa kafin takardar gayyata ta iso.